Ranar da Na Ɓoye Ƙanena a Sito

Ku matso kusa, ku ara mini kunne. Akwai wata rana da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba mu daɗe da tarewa a Ka'akiyya ba, bayan an rushe gidajenmu na Nakkasa, duk a nan Makka. Ni da 'ya'yana Allah ya rufa mana asiri, muna da igama, wato takardar izinin zama. Ƙanena ne ba shi da ita. Tun da ya zo hajji yana saurayi ya zauna, yana gyaran takalma a Hindawiyya, kullum cikin fargabar a kama shi a kai shi tarhil, inda ake tsare marasa takarda kafin a mayar da su ƙasarsu.

Ran nan da hantsi ina tsintar shinkafa, jikata tana zaune gaban kwamfuta. A nan Makka aka haife ta, tana jami'a, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Sai na ji tana karanta wa ƙawarta wani abu a waya: wai ana neman wani mutum da ya gudu, dogo, baƙi, da tsaga uku-uku a kumatu, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma duk wanda ya gan shi ya kama shi.

Na ture shinkafar gefe. Ƙanena ke nan, har ɗingishin! Ban tambaye ta komai ba. Zaman Nakkasa ya koya mana cewa maganar jawazat, masu kamen marasa takarda, ba a yin ta da ƙarfi, ba a yin ta a gaban yara, balle kusa da waya. Na zura abaya, na tari tasi, sai Hindawiyya wurin ƙanena.

"Tashi, ajiye takalmin nan," na ce masa.

"Yaya, lafiya? Mai shi yana nan tafe."

"Ya koma gida da ƙafar Allah. An sa ka a kwamfuta."

Ya ajiye takalmin, ya biyo ni. Na shigo da shi gida a sace, na tura shi sito bayan buhuna. Ga zafin Makka, ga ɗaki ba taga. Nan bawan Allah ya yini, ko tari bai yi ba.

Bayan la'asar yarinyar ta shiga ɗebo sukarin shayi, sai muka ji ihu.

"Sitti! Me Jaddi yake yi a bayan buhu?" Sitti ni ce, Jaddi ƙanena; haka take ce mana kaka da Larabci.

Na toshe mata baki, na raɗa mata abin da na ji. Ta dube ni, ta dube shi, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Sannan ta jawo ni gaban kwamfutar. Ashe hoton wata tsohuwar jarida ce ta Amurka, ta zamanin bauta. Mutanen can ne suka ɗauki hotunan tsofaffin takardunsu suka zuba a intanet, ita kuma aka ba ta aikin karantawa a darasin tarihi.

"Wallahi ya Sitti, bawa ne ya gudu daga ubangidansa. Ya rasu tun ba a haifi kakanki ba."

Ƙanena ya fito yana ɗigar da gumi. "Yaya, yanzu saboda mamacin Amurka kika gasa ni kamar gurasa?"

Na yi sujada a nan kan tabarma, ina kuka ina dariya. Da na ɗago na ce, "'Yar nan, shi wancan ɗin, sun kama shi?"

Ta duba, ta sake dubawa, har shayi ya huce. Babu takardar da ta faɗa.

Ƙanena daga baya ya sami kafili, wanda ya tsaya masa, takardarsa ta fito, yanzu tsufa ya zaunar da shi a gida. Jikata ta gama karatu, tana koyar da 'yan mata tarihi. Ni kuwa na gane cewa tsoro idan ya daɗe a gida, hana mutum tambaya yake yi, don haka yanzu sai na tambaya kafin in tashi. Shi kuma wancan bawan Allah mai tsaga irin tamu, ba wanda ya san ƙarshensa. Duk ranar da na shiga Harami ina sa shi a addu'a, ina roƙon Allah ya sa ba su same shi ba.