Mai Auna Numfashin Ƙasa

Kowace Laraba, in na sauko daga Kagoro zan shiga Kafanchan, ina ganinsa tsugune cikin ciyawar gindin dutse. Dogo ne, da gajeren wandon kaki da fensir a bayan kunne. Yana kife gwangwanaye a ƙasa, ƙarƙashin kowanne da 'yar kwalbar magani mai shanye iskar da ƙasa ke fitarwa. Ban san sunansa ba. Ina zaton malamin gona ne da aka turo daga nesa, don ba mai gaishe shi da yare.

Yau, washegarin ruwan fari, wata tsohuwa na tsaye kansa, gwangwanayen duk a buɗe.

"Na ɗauka cinge ka kama, ƙwarin nan na bayan ruwa, za ka soya, ɗana," in ji ta. "Leƙawa kawai na yi."

"Numfashin ƙasa nake aunawa, Mama. Da rani barci take yi. Ruwan fari ke tashinta, sai ta sauke babban numfashi."

"To, sake rufewa mana."

Yana ɗaga kwalaben ɗaya-ɗaya, yana zubar da maganin da buɗewar ta ɓata. Wata biyar ke nan ina ganinsa cikin rana yana jiran wannan ruwan.

"Ta riga ta sauke, Mama. Sai baɗi."