Takobin Kara a Wuyan Sale

Jama'a, yau da takobin kara na ƙwato ruwan gonata a gaban gari guda!

Kun san tsohon wasan nan da ake yi a filin firamare bayan girbi, na sarkin da amininsa ya ci amanarsa. Bana matasa duk sun tafi birni neman abinci, sai aka ce ni zan fito a sarki. Maci amanar kuwa Sale ne. Salen da bara ya fasa hanyar ruwan dam ɗin Watari, ya ce wa mai unguwa ni ne, aka hana ni layin ban ruwa, tumatirina ya ƙone ƙurmus.

A ƙarshen wasa ya durƙusa, na ɗora masa karan a wuya. An koya mini in ce, "Wa ya buɗe wa maƙiya ƙofa?" Sai na ce, "Wa ya fasa hanyar ruwa?"

Ya yi ƙasa da murya: "Haba Garba, wannan ba ya cikin wasan."

Na ce, "Yau ya shiga. Ga liman can zaune. Rantse ba kai ba ne."

 Sale ya kalli liman. Can ya ce, "Ni ne."

Mata sun ɗauka wasa ne, har da guɗa. Mai unguwa bai yi dariya ba, ya miƙe ya ce gobe layina ne.

Sale ya biyo ni wai in yafe masa. Na ce sai ruwa ya shiga gonata tukuna. Gobe da sassafe ina can da fartanyata.