Gidan Ƙeya

A bayan tashar garinmu akwai wani shago mai ɗaki biyu da muke kira Gidan Ƙeya. Mai shi dattijo ne, a da zanen jikin manyan motoci yake yi. Da ƙarfi ya ja baya sai ya koma zana mutanen karkara a kan falanki, yana ratayewa a bango, shiga kuma kyauta. Abin da ya ja wa gidan suna shi ne bai taɓa zana fuska ba. Manomi, makiyayi, mai tallar nono, kowa ya juya maka baya. Wasu sun ce tsoron malamai ne. Ni dai ina zargin hanci ne bai iya ba.

Amma ƙeya ba ta ɓuya ga mai ita. Ranar kasuwa sai ka ji ana cewa, "Wallahi kawu ne, dubi karin hularsa!"

Ni ma ina da tawa: wata mace ta nufi rafi da ƙwarya a kafaɗa, irin ɗaukar matan Gwari, ta ɗan karkata hagu. Haka mahaifiyata take tafiya. Ta rasu ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don haka in kewarta ta taso sai in je in tsaya a bayanta.

Da hanya ta ƙi biyuwa saboda rashin tsaro, baƙi masu zuwa yawon buɗe ido dajin Kamuku, waɗanda ke sayen zane, suka ɗauke ƙafa, idon dattijon kuma ya fara yana. Ya ce zai rufe, kowa ya zo ya ɗauki ƙeyar gidansu.

Na yi sammako, ashe wani a tafe ya kwana. Na tarar da wata tsohuwa, wadda ta yi hijira daga wajen Dogon Dawa, ta rungume falankin.

"Inna, wannan ai gyatumata ce."

"Gyatumarka a ina? Yayata ce. Ni da na girma ina bin bayanta zuwa rafi!"

Raina ya ɓaci sosai. Muka kai ƙara wurin mai zanen, ya ce, "Daga kan mota na hango ta, ban tambayi sunanta ba. Ku sasanta."

Tsohuwar ta ce tun da suka baro ƙauye ko kabarin yayar ba ta iya zuwa. Sai na bar mata, don na tawa uwar yana nan bayan gari. Ni na goya mata falankin a babur har ɗakin da take haya.

Yanzu cajin waya ake yi a shagon, zane-zanen kuwa sun bazu cikin zauruka, kuma har yau ana gardama a kansu. Ni duk Juma'a nakan je in ga namu. Tsohuwar ta yanke hukunci ita kaɗai: tunda uwata ce kuma yayarta ce, magana ta ƙare. In na makara sai ta aiko a faɗa wa ɗan yayarta tuwonsa yana hucewa.