Makarantar da Inna Ta Zaɓa Mini

Wata Litinin ce a farkon damina, kwana uku bayan ruwan shuka, a shekarar da nake aji shida na firamare. Ni da Inna muna zaune a gindin dogonyaro a ƙofar wata sakandaren gwamnati a Illela, kusa da mata masu sayar da awara da ɗanwake. Aka kaɗa ƙararrawar tara, yara suka ɓarko waje suna ture juna, takalmansu duk caɓi. Inna ta yafito wata yarinya 'yar aji biyu ta ce, "Ɗiyata, ara min littahinki in diba." Yarinyar ta zaro ɗaya daga jaka ta miƙa mata. Inna ta goge hannunta a gefen zane, ta yi bisimilla, ta ɗora littafin a cinya, sannan ta buɗe shi ta hannun dama, yadda take buɗe littattafan mahaifinmu. Kafin a ce me, yara sun kewaye mu suna dariya. Wani mai bakin tsiya ya ce, "Inna, ta baya kinka buɗe." Ni dai ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ko a jikinta, ta ci gaba da juya shafi tana dubawa a hankali.

Watanni biyu ke nan da tasowarmu daga Kalmalo. A can aka haife ni, a gidan da ke da rumbu uku da turken awaki da zauren da mahaifinmu, wanda duk muke kira Malam, yake karantar da yara. Aikina na safe shara da kai wa awaki dusa, in na dawo makaranta in taya Inna surfe, da yamma kuma mu gangara bakin tafki yankan ciyawa, mu ɓata rabin lokacin wajen carafke da kallon masunta suna zazzage tarwaɗa daga koma. Da rani Malam yana da ɗan fili na albasa, ni ce mai tare ruwa a bakin kwali, wato hanyar ruwan, ina sakin sa fangali bayan fangali, ƙafafuna har su yi fari. Sai wasu almajiransa na dā, da suka zama 'yan kasuwa, suka gina Islamiyya a wata sabuwar unguwa a bayan garin Illela, suka matsa masa ya zo ya riƙe ta. Haka muka ɗora kaya da awaki biyu a bayan a-kori-kura muka taho. Unguwar rabinta gidajen bulo ne marasa filasta, rabinta gonakin gero da masu su ba su riga sun sayar ba. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana jin rurin babura masu tsallakawa Ƙonni tun hantsi bai fito ba.

Sakandaren gwamnati biyu ne za a iya kai ni. Ɗaya tana nan bayan unguwarmu, tafiyar da ba ta kai a sha fura a ajiye ludayi ba. An yi mata sabuwar katanga da ƙofar ƙarfe, an shafe azuzuwan da fenti ruwan ƙwai, har da tuta. Ita ce wadda muka zauna a ƙofarta ranar Litinin ɗin nan. Ɗayar tsohuwa ce a can ƙarshen gari, sai ka ratsa kasuwa da tasha, iska ta yaye kwanon azuzuwa biyu, awaki na kwana a barandarta. Duk matan unguwa da suka zo yi wa Inna barka da zuwa ta kusa suke yabo. Ni ma ita nake so, ba zan ɓoye ba. Fentin nan ya shiga raina, har na zaɓi tagar da zan zauna kusa da ita. Malam ma ya ce magana ta ƙare, ga makaranta a bakin ƙofa, gwamnati ta gyara ta. Inna tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Fenti anka sake, Malam, ko malamai anka sake?"

Tana da dalilinta, kuma dalilin yana kwana a zaurenmu. Yayana Murtala ya girme ni da shekara bakwai. Tun muna Kalmalo aka turo shi Illela wurin wani kawunmu, ya yi shekara uku a wannan makarantar ta kusa kafin a yi mata fenti. Daga nan ya ce boko ya ishe shi, ya koma kabu-kabu tsakanin Illela da Ƙonni. Kowa ya ɗauka son babur ne ya ja shi. Wata rana da hantsi ina wanke-wanke a bayan ɗaki, ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya zaro wata takarda da aka ba shi a asibiti, ya ce a hankali, "Luba, karanta min wagga, amma kak ki hwaɗa ma kowa." Layi uku ne kacal, yadda zai sha magani da ranar da zai koma. Na karanta masa. Ya ninke takardar ya tashi bai dube ni ba. Saurayi ne mai fara'a, wanda ya iya lissafin sefa da ka, ya iya gaisuwa da Faransanci, amma shekara uku a aji ba su ba shi layi uku ba. Ban faɗa wa kowa ba, sai dai na gane Inna ta daɗe da sani. Daga ranar tsoro ya kama ni, kuma fentin ya fara fita daga raina.

Inna ba ta taɓa zama a ajin boko ba. 'Yar gidan malamai ce, ta sauke tun tana budurwa, kuma da la'asar matan unguwa kan zo ta ɗora musu karatu. Saboda haka ta san abin da ake kira malami ya zauna da ɗalibi, ko da ba ta san baƙaƙen Turanci ba. Niyyarta da farko ta duba jan biro ne, ta ga ko ana gyara wa yara aikinsu. Buɗe littafi ta baya kuskure ne na sabo, amma kuskuren ya nuna mata abin da ba ta je nema ba. A shafukan ƙarshe ta tarar da babura iri-iri an zana su da kyau, har da hayaƙi, ga zanen lalle, ga gidajen dara, ga sunaye an ƙawata su da furanni. Ta sa ni na karanta mata wasu rubuce-rubucen, duk baitocin waƙa ne da tsokanar juna. Ta ci shafi goma sha wani abu kafin ta iso inda darasi ya tsaya. Ta karɓi littafi na biyu, na uku, har na bakwai, duk kanwar ja ce. A hanyar gida ta ce da ni, "Yaron da ad da malami gabanai ba shi samun lokacin zanen babur."

Washegari ta ce in yi shiri mu tafi tsohuwar makaranta. Na yi ƙorafin cewa za a sake yi mana dariya, ta ce dariya ba ta huda fata. Muka ratsa layin masu canji da runfunan 'yan goro, muka bi ta tasha, ruwan sama ya bar kwatami ko'ina, muka isa ƙafafunmu jage-jage. Ajin da babu kwano an fito da shi ƙarƙashin bishiya, allo jingine da dutse, wani dattijon malami mai tsohon keke yana ta fama da alli. Da aka fito tara Inna ta sake abin da ta yi jiya, kuma da gangan yanzu ta buɗe ta dama. Aka yi dariyar, ta bar su suka gama. Bayan littattafan nan babu babur sai ɗaiɗai. Abin da ke ciki gyara ne, aikin da yaro ya faɗi aka sa shi ya sake, da jan biro a ƙarƙashi. Wasu ma littafin ya cika har bango, an ɗinka masa ƙarin takardu da zare. Inna ba ta yarda da gani ɗaya ba. Sai da muka yi kwana takwas muna zarya tsakanin makarantun biyu, wata rana da safe, wata rana ana dab da tashi, har masu awara suka fara ajiye mata wurin zama. Ta kuma lura da cewa ranar Litinin, bayan cin kasuwar Lahadi, malaman makarantar kusa ba sa cika, su kuwa na tsohuwar kekunansu da baburansu na jere kafin a yi layi.

Da aka liƙa sunayen masu shiga sakandare, sai ga nawa a makarantar kusa, don da unguwa aka raba. Shugaban tsohuwar makarantar ya ce wa Inna aji ya cika, sai dai in wani ya bar gurbi. Ba ta yi masa gardama ba. Ta baza cigiya ta bakin ɗalibanta mata, har aka samo wata mata a unguwarmu da aka jefa 'yarta tsohuwar makaranta bisa adireshin gidan da suka bari, tana ta neman yadda za a dawo da ita kusa. Inna ta je har gida, ta zayyana mata duk abin da ta gani a littattafan nan, ba ta rage komai ba, don ta ce ba za ta karɓi gurbin ɗiyar wani a rufe ba. Matar ta saurara, ta ce ita dai kusa take so, tana da goyo kuma yarinyar ce mai taya ta aiki. Aka yi musaya a ofis, kowa ya sa hannu, Inna ta dangwala yatsa.

Saura Malam, kuma shi ne babban dutsen. Ya ji bayanin Inna duka, bai ƙaryata ta ba, amma ya ce, "Ba ni barin ɗiya mace ta ratsa kasuwa da tasha ita kaɗai kullum sahe." Gaskiyarsa ce, kuma Inna ba za ta iya raka ni kullum ba. Kwana biyu gidan ba daɗi. Ni kuwa taurin kan da na gada a wurin Inna ya motsa, na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na ce in ba tsohuwar makaranta ba gara in zauna gida in yi ta surfe. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Murtala yana bakin ƙofa yana goge baburinsa, duk ya ji. Bai shigo ba, daga nan inda yake ya ce, "Malam, ni za ni kai ta, ni za ni ɗauko ta." Malam ya tuna masa cewa safiya ita ce kasuwar ɗan kabu-kabu, lokacin da 'yan kasuwa ke rububin tsallakawa. Murtala ya ce ya sani. Sai Malam ya ce Allah ya yi albarka.

Shekara uku ya yi yana kai ni. Da ruwa da rana, da lokacin da mai ya yi wuya, ban taɓa makara an tare ni a ƙofa ba. Abokansa na tasha suna tsokanarsa wai ya zama direban hajiya, ya yi dariya ya wuce. In muna tafe yakan ce in karanta masa allunan shaguna da rubutun bayan motoci da ƙarfi, wai yana gwada ni ne ya ga ko malaman na aiki, ni kuma in yi kamar na yarda. A makarantar na share fili, na ɗebo ruwan da ake yayyafa wa aji, na sha bulala a kan gyaran da ban yi ba, na zauna ƙarƙashin bishiyar nan zango guda kafin a rufa mana kwano. Na koyi karatu na gaske, irin wanda ba ya guduwa in an rufe littafi. Amma Murtala bai taɓa shiga harabar ba. Can nesa da ƙofa yake tsayawa, injin na aiki, in sauka ya juya. Ranar da sakamakon aji uku ya fito na kawo masa takardar a kan babur, ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce in karanta masa. Da na gama ya ce in sake daga farko.

Yau ina aikin jinya a Sakkwato. Unguwarmu ta Illela ta cika, babu sauran gonar gero ko ɗaya, makarantun kuɗi sun fito a kowane lungu da motocin ɗaukar yara, iyaye kuma a waya suke tambayar juna wacce ta fi. Inna da Malam duk sun riga mu gidan gaskiya. Murtala ya bar kabu-kabu, yana da shagon kayan babur kusa da tasha, furfura ta fara fito masa. 'Ya'yansa huɗu duk suna makaranta, kuma shi yake kai su da kansa. In na je gida mukan zauna a bencin shagonsa mu yi hirar komai, ta Kalmalo da ta awakin Inna, amma ba ma taɓo waɗancan safiyoyin. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga mota, in na gan shi sai ta maƙale. Ina kewar zaman bayan babur ɗin nan, ina ihun sunayen shaguna cikin iska shi kuma yana gyaɗa kai. Har yau ban yi masa godiyar da ta kamata ba.