Randar Abba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Abba, ɗana na fari. Da yana raye, da kunya ba ta bar ni na yi zancensa a jarida ba. Amma tunda yaƙi da jahilci ya koya mini riƙe biro, bari in faɗi abin da ke raina.

Aikin soja yake so. Kullum da safe shi da abokansa sukan fita gudu daga nan Malali, su zaga ta Unguwar Dosa. Da gwaji ya matso sai ya ƙara da gudun rana, yana naɗa leda a ciki wai ya rage tumbi. Ruwa kuwa ba sa sha sai an tashi. A wurinsu duk wanda ya kurɓa rago ne. In na miƙa masa kofi sai ya yi dariya: "Umma, soja ai raƙumi ne."

Ranar da ya dawo yana jan ƙafa, cinyoyi a kumbure, duk muka ce gajiya ce. Na gasa masa da ruwan zafi, ya sha maganin ciwon jiki. Ashe fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga baya ma ya ɗauke. Bai faɗa ba. Wane saurayi ne zai yi wa uwarsa zancen fitsari? Sai a asibiti likita ta bayyana mana cewa naman jikinsa ne ya lalace saboda tsananin wahala, dattin ya bi jini ya toshe ƙoda. An yi wankin ƙoda, amma kwana ya ƙare. Allah Ya jiƙansa.

Bana ƙaninsa Sadiku ya durƙusa a gabana, ya ce shi ma sojan yake so. Na ce ya je sai na yi tunani, don wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na yi ta tambayar kaina, me Abba zai ce? Na san zai tsokani samarin yanzu masu gudu da gorar ruwa a hannu. Amma ba na jin zai so kabarinsa ya tare wa ƙaninsa hanya.

Na kira Sadiku na ce na yarda, da sharaɗi: ba leda, ba gudun tsakar rana, a bi jiki a hankali, sannu ba ta hana zuwa. In kuma fitsari ya sauya launi, ni za a fara gaya wa.

Ya sunkuyar da kai. "Umma, har wannan?"

"Har wannan, ɗan nan. Kunyar nan ta ci mini ɗaya, ba za ta ƙara ba."

Abba bai bar kaki ba, bai bar iyali ba. Abin da ya rage nasa randa ce da na girke a ƙofar gida, nake cika ta sadaka da sunansa. Masu gudu sukan tsaya su sha. Jiya na leƙa, na ga Sadiku ne ya fara ɗaukar moɗa, a gaban abokansa, ba wanda ya yi dariya.