Layin da Malam Sodangi Ke Ja a Ƙasa

Duk ranar dambe, kafin la'asar, za ka ga Malam Sodangi, malamin asibitin Gangara, ya jingine kekensa a gindin aduwa, ya ja layi a ƙasa da diddige. Wanda ke son ɗaura zare a hannu sai ya bi layin nan tukuna. Malam ya ja fatar idonsa ya ga ko da jini, ya sa shi bin yatsa da kallo. Wanda ya yi tangaɗi, to yau ɗan kallo ne. Shekara talatin yana wannan, ba wanda ya sa shi.

Shekarar farin da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, aka sa buhun hatsi guda ga wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. Yari, gwanin garin, iyalinsa sun kwana biyu kan ganyen tafasa. Sai dai ya sha naushi a damben garin Turba makon da ya wuce, yana ta amai a ɓoye. Ya hau layi, taku uku ya kauce.

"Yari, yau ba ka shiga."

"Haba Malam! Ɗiyana mi za su ci?"

Sai Yari ya ƙyafta wa Illo makaɗi ido, don in aka kaɗa taken ɗan dambe, ko uwarsa ba ta zaunar da shi. Ashe Malam ya gani. Ya zo da gudu, riga na jan ƙasa, ya dafe kalangun da hannu biyu.

"Illo, za ni riƙe gangar ga har magariba. In ka kaɗa, kai ka kai wa matarsa gawa!"

Illo ya sauke ganga. Yari ya yi wata uku ba ya gai da Malam, alhali hatsin rumbun Malam ake daka masa yana jinya.

Malam, kai ne ka yarda a zage ka, ba a yi zaman makoki ba. Mun gode, Allah ya saka. Masu shirya dambe, ku ja irin layinsa.

Ranar da Malam ya ajiye aiki, sai ga Yari da furfurarsa, buhun gero a ka. Ya ja layi da ƙafa, ya bi shi tiryan-tiryan har gaban Malam, ya sauke.

"Malam, duba da kyau. Na kauce?"