Ƙullin Inna a Cikin Firiza

Akwai wata azahar a gidanmu na Samaru da ko tsufa ya ruɗa ni ba za ta fita raina ba.

Lokacin Inna ba ta fi wata biyu da rasuwa ba. Ta bar mini Baba da ciwon sugarsa, da sana'arta ta ƙanƙarar lemo da ɗalibai ke saye. Iri biyu take yi. Ta sayarwa tana shan sukari. Ta Baba kuwa ruwan lemon zaƙi ne kaɗan, da lemon tsami da citta, a tsinka da ruwa, ko ƙwayar sukari babu. Da yake bahaguwa ce, takan yi wa ledar Baba wani ƙulli biyu a baibai, wanda na yi ta koyo na kasa.

Ran nan na dawo daga kasuwar Sabon Gari a gajiye, na haɗa iri biyun, na ƙulle su duka da ƙulli iri ɗaya, na watsa a firiza na danna kwaɗo. Sai washegari da Baba ya ce, "Ke, miƙo min tawa, zafin nan ya ishe ni," na tuna ban ware ba. Alhali sati guda ke nan da sallamo shi daga asibiti, likita ya ja mana kunne. Wallahi kunyar faɗa nake ji, amma a raina cewa na yi, kai, guda ɗaya dai me za ta yi masa?

Na buɗe firiza. Ga leda shida a jere gefe guda, kowace da ƙullin Inna.

Mu biyu ne a gidan, makullin kuma na ɗaure a bakin zanena tun jiya. Na fasa ɗaya na lasa, tsami, ba sukari. Na fasa ɗaya cikin sauran, zaƙi kamar alawa.

Na kai masa ɗaya mai ƙullin Inna. Ya daɗe yana shafa ƙullin da babban yatsa, sannan ya ce, "Ashe kin iya."

"Ban iya ba, Baba."

Bai sha ba, ya riƙe ta har ta narke a hannunsa.

Ko hannuna ne ya yi ban sani ba, Allah kaɗai ya sani; har yau dai in na gwada ƙullin, ba ya yiwuwa. Abin da na koya shi ne, mai jinya ba ta cewa "guda ɗaya dai". Shekara tara Baba ya ƙara a duniya, ban sake faɗa ba ko a zuci.